Bayan Faɗuwata Daga Amalanke

Da kaka ne, muna dawowa daga gona a Gidan Sori, ina zaune bisa harawa a kan amalanke, sai san da ke jan mu ya ji ƙarar moto ya zabura. Na faɗo, ƙeyata ta bugi ƙasa. Maigidana ya ce na ɗan jima kafin in buɗe ido. Ba jini, ba karaya, har dariya na yi ina karkaɗe zane.

Washegari kaina ya fara sara. Hasken rana ya riƙa sukar idona, dakan maƙwabta kuwa kamar a cikin kunnena ake yin sa. Na zuba wa miya gishiri sau biyu. Duk ban damu ba, sai ranar da autata ta nufi murhu da gudu, ga man gyaɗa yana tafasa. Na buɗe baki in kira ta, sunan ya ƙi zuwa. Ina ganinta, na san ni na haife ta, amma sunan babu. Ihu kawai na yi, ta tsaya.

Na shiga ɗaki. Surukata ta biyo ni.

"Mi ya same ki, ɗiyata?"

Na ce, "Inna, hankalina ne ke tafiya."

Ta ce iska ce. Aka yi mini turare, aka kawo rubutu na sha. Amma ko a salla sai in rasa raka'a ta nawa nake, in tsaya ina kuka. Akwai wata mata da ke yawo a kasuwar Gidan Rumji tana magana ita kaɗai. Da na rufe ido ita nake gani.

Yayana ya kai ni asibiti Maraɗi. Aka ɗauki hoton kan, ba a ga komai ba, sai tsorona ya ƙaru. Likitan ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza cikin ƙoƙon kai, sinadaran da jijiyoyinta ke aika saƙo da su suka hargitse, hoto kuma ba ya nuna wannan.

"Ba hauka ba ne, baiwar Allah. Ki huta, ki yi barci, ki kiyayi sake buguwa."

"Zan dawo daidai?"

"Yawanci ana dawowa," in ji shi. Da wannan "yawanci" na yi ta juyayi har muka iso gida.

Kafin damina ta faɗi, abubuwa sun dawo mini kaɗan-kaɗan. Sai dai har yau in gidan biki ya cika da hayaniya, maganar mutane takan cakuɗe mini, in ja tabarma gefe. Ko ludayi na manta inda na ajiye, sai gabana ya faɗi.