Loma Ɗaya Ta Kifi

Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa yawon shan iska a Kogin Nilu ranar Juma'a, in dai jirgin Abdulmun'im ya hau, to ya san Kubura ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke zama a bayan jirgi tsakanin tukwane, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, tana harara duk uwar da ta ɗaga wa ɗanta hannu a kan abinci.

A Alhilla Kuku, wata unguwa ta Khartoum, aka haife ta. Kakanta mutumin Haɗeja ne, ya taso a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Khartoum, ya ce bari ya ɗan taɓa aiki sannan ya ƙarasa. Taɓa aikin nan shi ne har jikoki. Mijinta Sabitu mai gasa agashe ne, wato tsiren can, a kasuwar Suk al-Arabi, mutum mai yawan dariya da ƙarancin ajiya. Da ya rasu bai bar mata komai ba sai wuƙaƙensa da 'ya ɗaya, Hafsat. Kubura ta yi ta sayar da godogodo mai kama da fura da soyayyen kifi a bakin kogi, har ranar da Abdulmun'im mai jirgi ya ci kifin, ya lashe yatsu, ya ce ta zo ta riƙa dafa wa fasinjojinsa.

Jirgin yakan tashi bayan an sauko daga masallaci, ya ratsa gefen tsibirin Tuti, ya bi ta inda kogunan biyu suke haɗuwa, ya gangara ta gaban Omdurman, ya juyo kafin magariba. Manya ba su da wuyar sha'ani, ka ba su kifi da gurasa da shayi sun gama da kai. Yara ne jarrabawa. Wannan ba ya cin abin da ya taɓa albasa, waccan ba ta son miya ta haɗu da shinkafa, wani kuma ya rantse akwai ido a cikin kwanonsa. Iyaye mata su yi lallashi, su yi alkawarin alewa, su koma zare ido, yawon da aka fito don nishaɗi ya zama zaman kotu.

Kubura ba ta taɓa ce wa yaro ci ba. Takan ɗauko kwano ta zauna a gefen jirgi kamar ba ta san da shi ba, ta gutsuro 'yar loma ta jefa a ruwa.

"Wannan ta kifi ce," in ji ta, ba tare da ta dube shi ba. "Amma kifin nan yana da kunya. Ba ya cin ta biyu sai ya ga wani ya ci."

Sai yaro ya matso. Ya ci ɗaya don kifi ya samu ta biyu, ya jefa, ya leƙa ruwa, ya sake ci. Kafin a kai Omdurman kwano ya zama fes. Abdulmun'im yakan yi mita cewa rabin abincinsa a cikin kogi yake ƙarewa, ita kuma ta ce masa ai daga kogin aka ɗebo shi.

Sai Allah ya jarrabce ta da jika wadda ta fi duk 'ya'yan fasinja taurin kai. Fadila 'yar Hafsat ce, siririya, mai manyan idanu, kuma tun da aka yaye ta kalmar da ta fi iyawa ita ce "ma dayra", wato ba na so. Taliya fara take ci, sai ta'amiyya, ƙosan Larabawa, in an cire mata ɓawon. Hafsat ta yi duka, ta yi kuka, ta kai ta wurin malam ya yi tofi, duk a banza. A jirgi kaɗai Fadila take cin abinci kamar 'yar mutane, don haka kowace Juma'a kakarta takan ɗauke ta su tafi tare. Sauran kwanakin mako kuwa sai dai haƙuri.

Yaƙi ya sami Kubura a Omdurman. Ta haye kogi ne a ƙarshen azumi don ta taya Hafsat, da ke aure a can, toye-toyen salla, da niyyar kwana biyu ta koma. Da safe suka ji abin da suka ɗauka tsawa ce. Kafin su gane, gadoji sun zama wurin da ba a bi, mijin Hafsat, Muhajir, wanda direban babbar mota ne, hanya ta yanke masa a can gabas, wayarsa ma ta daina shiga. Masu hali suka kulle gidaje suka fice. Su ba su da inda za su, suka zauna. Jirgin Abdulmun'im kuwa Kubura ba ta sake jin labarinsa ba, ba shi ba mai shi.

Taliya ce ta fara ƙarewa, sannan mai, sannan kasuwar kanta. Abin da ya rage shi ne takiyya, tukunyar unguwa da ake ɗorawa a harabar masallaci, a dafa miyar adas, wani irin ƙaramin wake, a zuba wa kowane gida a robarsa. Hafsat ke bin layi, Kubura kuma ta tuƙa ɗan tuwon dawa daga garin da suke ta jan sa kamar ba za a sake yin wani ba.

Fadila ta dubi adas ɗin ta ce, "Ma dayra."

Haka ta ce washegari, haka ta ce jibi. Ruwa kawai take sha sai ɗan shayi ba madara. Wuyanta ya fito, rigar salla ta koma yi mata yawa, ta daina wasa ta koma kwanciya a gindin bango. Wannan karon Hafsat ba ta iya dukanta ba, don babu wurin duka a jikin. Tsoro ya kama Kubura irin wanda harsasai ba su sa mata ba. Ta ciyar da 'ya'yan mutanen da ba ta sani ba shekara da shekaru, ga tata jikar za ta mutu da kwano a gabanta.

Ran nan da azahar ta jawo tasar wanki, ta zuba ruwa ɗan kaɗan, ta ajiye a inuwar darbejiya. Ta juye rabonta da na Fadila a kwano ɗaya, ta zauna ta ba yarinyar baya, ta gutsuro tuwo kamar ƙwayar gyaɗa, ta dangwala a adas ta jefa.

"Haboba, me kike yi?" in ji Fadila daga gindin bango, don haka take kiran kakarta.

"Kifi nake ba. Yaƙi ya koro shi daga kogi, ya biyo famfo ya zo."

"Ba na ganin sa."

"Ai kin san shi da kunya."

Yarinyar ta rarrafo ta leƙa tasa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta buɗe baki. Kubura ta sa mata loma ƙatuwa, ta kau da kai don kada a ga idonta.

Hafsat ta ga abin daga ƙofar ɗaki, ranta ya ɓaci. Da yarinyar ta yi barcin rana ta zo ta tsaya a kan uwarta.

"Yumma, mutane suna bin layi tun safe, ke kina zuba abinci a ruwa? Ruwan ma da ƙyar na ɗebo shi."

Kubura ta sunkuya. Ta sa hannu a tasa ta tsamo 'yan gutsattsarin da suka jiƙe suka yi fari, ta haɗa su a tafin hannu, ta yi bisimilla ta cinye. Ruwan kuma ta tace shi ta ajiye don wanke kwano.

"Wannan ne abincinki?" in ji Hafsat. "So kike ki kashe kanki?"

"Ta ci ko ba ta ci ba?"

Hafsat ta juya ta koma ɗaki, don yarinyar dai ta ci.

Haka aka ci gaba, wata ya bi wata. Ta kifi ƙarama, ta Fadila babba. Yarinyar ta fara miƙewa, har ta koma tsokanar kyanwar maƙwabta. Kubura kuwa kafaɗun nan suka zube, ƙafafunta suka fara kumbura, in ta tashi sai ta dafa bango. Ba ta damu ba. Abin da ya dame ta shi ne sabon taurin kan da Fadila ta ɓullo da shi: ta ce ita za ta riƙa gutsura wa kifi da hannunta. Kuma ba ta san ƙarami ba, sai ta cika hannu ta dunƙula ta jefa.

"Ke, kifin ɗan ƙarami ne, zai shaƙe."

"Yunwa yake ji."

"Wa ya gaya miki?"

"Na sani."

In Kubura ta hana, sai yarinyar ta rufe baki gam, a koma gidan jiya. Dole ta ƙyale ta, tana faɗa a ranta cewa wannan 'ya kan Sabitu ta ɗauko, shi ma bai taɓa sanin tattali ba.

Da damina ta shigo zazzaɓi ya kwantar da Kubura. Maganin da aka samo a unguwa bai yi komai ba. Tana kwance a gadon igiya a rumfa, ko ruwa sai an ɗaga kanta. Da azahar ta ji Hafsat ta jawo tasa, tana ƙoƙarin kwaikwayon muryarta, tana cewa ga ta kifi. Ba ta ji ƙarar faɗawar loma a ruwa ba. Sai ta ji ƙananan ƙafafu suna matsowa, aka ajiye kwano a gefen gadonta.

Fadila ta dunƙula tuwo, ta dangwala a adas, ta kai bakin kakarta.

"Ta kifi," ta ce.

Kubura ta dube ta. Yarinyar ba dariya take ba, ba wasa take ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Ba barci nake ba, Haboba. Ina kallon ki ta ƙasan ƙofa." Ta ƙara matso da lomar. "Ki ci. In kifi bai ci ba, ni ma ma dayra."

Zazzaɓi ya riga ya raba Kubura da sha'awar abinci. Ta buɗe baki ta karɓa, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar, hawaye na gangara mata cikin kunne. Fadila ta jira sai da ta ga maƙoshin ya motsa, sannan ta ci tata. A haka suka cinye kwanon, kuma a haka suka yi sauran kwanakin. Kubura ba don kanta take haɗiya ba, kowa a gidan ya san haka. Abin da ya tsaya mata a rai, har ta faɗa wa Hafsat da muryar da ba ta fita sosai, shi ne wa zai zama kifin in ta tafi.

Ta rasu ranar wata Juma'a da hantsi. Maƙabarta ta yi nisa kuma hanyar ba ta biyuwa, sai maza huɗu na unguwa suka binne ta a filin bayan masallaci, kusa da inda ake ɗora tukunyar takiyya. Ba ta koma Alhilla Kuku ba, ba ta sake ganin kogi ba, ga shi kuwa yana nan kusa.

Washegari Hafsat ta karɓo adas, ta tuƙa tuwo, ta ajiye kwano. Fadila ta ɗauki kwanon ta nufi rumfa. An riga an naɗe shimfiɗar, igiyar gadon ce kawai. Ta dunƙula loma ta miƙa hannu wajen da kan kakarta yake zama, ta tsaya a haka, miya na ɗiga ta tsakanin yatsunta.

Hafsat ta taso ta durƙusa a gefen gadon, ta buɗe baki. Yarinyar ta daɗe tana kallon ta, sannan ta sa mata. Sai da ta ga ta haɗiye ta gutsuri tata.