Geron da Habibu Ya Bari

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanina Habibu, malamin aikin gona a jami'ar gwamnati da ke birnin Kano. Allah ya jiƙansa da rahama. Har yau in hadari ya haɗo, sai in riƙa sauraron ƙarar motar makaranta.

Mu biyu ne maza a gidanmu, can wajen Bagwai. Baba ya raba mu, ni gona, shi boko. Ranar da na raka shi jami'a da akwatinsa a kaina, gine-ginen ba su da yawa, gonaki ne suka kewaye su, har na ga awaki na kiwo a bayan azuzuwa. Yanzu birni ya haɗiye wurin.

Da ya zama malami, sai ya roƙe ni gefen gonata. A wajenmu gona rai ce, ba a wasa da taki ɗaya na ƙasa, amma na ba shi. Gero yake nema mai nuna da wuri, don damina ta fara gajarta. Kowace kaka yakan ɗaura jan tsumma a zangarniyar da ta riga sauran nuna, ita kaɗai za a ajiye iri. Kowace damina kuma ya kwaso ɗalibansa a motar makaranta su yi mana gayya.

Ba na manta wata ɗaliba, Rakiya, 'yar birni. Ta sunkuya da himma tana tumɓuke tsiron gero, tana barin ciyawa. Inna ta riƙe baki ta ce, "Ke 'yar nan, ciyawar za mu daka mu yi fura?" Habibu ya yi dariya ya ce, "Inna, ƙyale ta. Sai an ɓata ake iyawa."

Bayan rasuwarsa mota ta daina zuwa. Iri kuwa ba a jibge shi a manta, in ba a shuka ba mutuwa yake yi. Sai na ci gaba da shukawa, ina ɗaura tsumma yadda na ga yana yi. Babban ɗana ya sha ce mini, "Baba, mai gwajin ya tafi, wa zai duba? Mu sa masara a wurin mana." Ni kuwa sai in ce a bar shi bana. A shekarun nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, domin Habibu ya sha tsokanata da cewa gemu ba ya hana ilimi. Da hannuna nake wannan rubutu.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo jami'arsa yau, me zai ce? Na san cunkoson azuzuwa da yajin aiki za su dame shi. Amma da ya ga mata sun cika sashen aikin gona, ya ga 'ya'yan manoma irinmu suna shiga, ina jin murmushi zai yi.

Bara wata mata ta yi sallama a ƙofar gida. Rakiya ce, ta zama dakta, tana koyarwa inda Habibu ya koyar. A hankali ta tambaya ko wani abu ya saura daga irin malaminta. Na shiga rumbu na fito mata da dami, jajayen tsummoki na reto. Ta daɗe tana shafa shi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse.

Habibu bai bar gini da sunansa ba. Ya bar iri mai rai, da wadda za ta ɗora daga inda ya tsaya. Bana motar makaranta ta dawo. Ina tsaye na hango wani ɗalibi ya tumɓuke gero ya bar ciyawa, ɗana ya buɗe baki zai yi masa tsawa. Kafin in yi magana Rakiya ta riga ni: "Ƙyale shi. Ni ma daga nan na fara."