Tiyon da Muka Bari Cikin Duro Bayan Alhaji Mamane

Daga Allah muke, gare shi kuma za a mayar da mu. Ranar Talata, 15 ga Yuli, 2025, bayan sallar la'asar, Alhaji Mamane Damagaram ya rasu a nan Greensboro bayan gajeriyar jinya. Ya bar matarsa Hajiya Saadatou da 'ya'ya huɗu, da lambun jama'a da ke bayan gidajen haya na Gate City Boulevard, da kuma mu, waɗanda ya bar wa amanarsa.

Alhaji, ni Bakano ne, kai Badamagare, saboda haka tsokanarka gadona ce, kuma ban yi wasa da gadon ba. Ni na laƙaba maka Sarkin Famfo. Ka karɓi sarautar, ka ce Kanawa dama sun saba da sarki daga Damagaram.

Kai ka yi ta sintiri ofishin ruwa har aka ja mana famfo zuwa lambun. Sharaɗi biyu suka gindaya: a ɗaura wani ƙarfe a bakin famfon mai hana ruwa komawa baya, kuma kada a taɓa barin bakin tiyo nutse a cikin duro. Muka yi dariya, domin duk tasowarmu ba mu taɓa ganin ruwa ya koma inda ya fito ba. Kai kuwa ba ka kawo mana zancen doka ba. Cewa ka yi in ƙarfin ruwan gari ya faɗi, bututu yana zuƙa kamar yaro da tsinken lemo, abin da ke duronka sai ya tafi kofin wani. "Jiƙon kashin kaji ne a duron nan, Garzali. In yaron maƙwabci ya sha, me za ka ce ranar hisabi? Ka ce ba ka jin Turanci?"

Ba famfo kaɗai ka riƙe ba. Duk baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Zariya, kafin ya samu aiki a rumbunan kaya na Wendover, ya samu kunya guda a lambun da ƙullin iri daga hannunka. Kuɓewarka gajera mai kauri, wadda kake ware irinta duk kaka, babu gidan Bahaushe a garin nan da bai kaɗa miyarta ba.

Ga abin da ya sa alƙalamin nan ya yi mini nauyi. Bayan addu'ar uku muka ɗunguma lambu, kowa yana neman ladan ban ruwa a gonar mamaci. Mun yi yawa, ruwa yana zuwa a hankali, magariba tana matsowa. Wani ya ce ƙarfen nan ne ke rage ƙarfin ruwa, a kwance shi na yau kaɗai, ai don Alhaji ake yi. Dukanmu muna tsaye, da masu digiri da masu carbi, babu wanda ya ce a bari. Aka kira salla, muka tsoma tiyo a duron taki, muka tafi, ƙarfen da aka kwance kuma ba a mayar ba. A makon ne ma'aikaciyar ruwa ta zo duban shekara, wadda kai ne kake tarbarta. Ta ga abin da ta gani, ta yi mana ta'aziyya cikin ladabi, ta sa wa famfon kwaɗo.

Allah ya tsare, babu abin da ya koma bututu. Amma zafin Yuli bai san makoki ba. Yanzu da jarkoki muke jigilar ruwa a bayan mota, kuɓewarka tana yaushi tun ba ta yi iri ba.

Hajiya tana takaba, ba ta fita. Ta aiko 'yarku Leïla a tsinko mata kuɓewar babanta. Muka yi shawara irin ta manya, muka sayo ta kanti, na kai da hannuna. Ta ɗaga guda ta duba, ta ce daga bayan labule, "Malam Garzali, ta Alhaji ba ta da wannan tsawo. An rufe robine, famfon lambun, ko?" Na rasa inda zan sa idona. Ta ce, "Ba komai. Ku dai ceto mini ko gindi ɗaya ya yi iri. Ita ce ba a sayarwa."

An mayar da ƙarfen, muna jiran a sake dubawa. Gindi biyu na can ƙarshen kunya har yanzu kore ne, kuma mun raba wa juna ban ruwan asubahi.

Allah ya jiƙanka, Alhaji Mamane, ya yafe kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Hajiya Saadatou, da Leïla da ƙannenta, da dangi na Damagaram, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma muna roƙon ku yafe mana.