Likkafanin Iya

Wata Alhamis ce bayan an gama yankan hatsi, zamanin mulkin soja, ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Na dawo da rana na tarar da Inna tana sussukar gero, na ajiye jakata na ɗauki faifai zan taya ta shiƙa, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gidanmu na Madarunfa. Masu kaki ne, ba mu san ko daga wane biro na gwamnati suke ba. Ba su yi sallama ba, ba su tsaya a zaure ba kamar yadda kowane namiji baƙo ke yi, suka shigo har tsakar gida, Inna ko mayafi babu a kanta. Baba yana gona. Suka ce an gaya musu muna ɓoye atamfofin fasa-ƙwauri daga Najeriya.

Babu wanda ya tambaye su takarda. A lokacin ba mu ma san ana tambaya ba. Suka hau rumbu suka soka sanda cikin dammunan gero, suka leƙa randa, suka zazzage kwanonin jeren Inna a ƙasa, kaji na ta watsewa. Ni dai na maƙale a bayan turmi ina karanta duk addu'ar da na iya.

Daga ƙarshe suka shiga ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. A ƙarƙashin gadonta akwai adaka, a ciki kuma likkafaninta ne, farin alawayyo da ta saya tun da ƙarfinta. Ƙanenta da ya je hajji ya kawo mata zamzam, ta yayyafa wa likkafanin, ta shanya a inuwa, ta naɗe da turare. Lokaci-lokaci takan fito da shi ya sha iska, ta kira ni in riƙe mata gefe ɗaya. Babban masu kakin ya warware shi a tsakar gida, ya ce sabon yadi ne marar hatimi. Iya ta dafa bango ta miƙe. "Ɗiyana, wannan ba na kasuwa ba ne, rigar tahiyata ce." Bai ko dube ta ba, ya naɗe ya jefa a mota.

Baba ya je Maradi neman sa, ya dawo da gargaɗi cewa ya daina yawan tambaya. Tun daga nan gidanmu ya koma magana ƙasa-ƙasa. Wa ya kai ƙararmu? Inna ta daina aika tuwo maƙwabta, aka hana ni zuwa gaɗa da dare, ko a bakin rijiya aka ce kada in faɗi abin da muka ci. Iya kuwa kullum da asuba, bayan salla, sai ta ce, "Allah kada ka ɗauke ni yau, ban shirya ba." Tsohuwar da ba ta taɓa tsoron mutuwa ba, ga ta tana firgita da ɗan tari. Baba ya sayo mata wani yadin, ta karɓa ta gode, amma zamzam ya ƙare, ƙanen nata kuma ya riga ya rasu.

Da damina ta kwanta ciwo. Ranar da jikin ya tsananta, ta kira matan da za su yi mata wanka, ta nuna musu adakar. "Ku yi haƙuri da wannan," in ji ta, "bai sha zamzam ba."

Yau ɗana da ke jami'a yana ce mini doka ta hana a binciki gida sai da izinin alƙali, ya kuma ce wayar hannunmu ana iya saurarenta ba tare da an taka zaure ba. Zamzam yanzu a jarka ake kawo shi, har a raba wa unguwa. Nakan karɓi nawa rabon in rasa me zan yi da shi. Allah ya jiƙan Iya, ta tafi tana ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba.