Mai Fentin da Ke Fara Tambayar Wa Ke Kwana a Ɗaki

Da hantsi yake isa wurin aiki, buroshi uku cikin tsohon buhu, tsani a kafaɗa. Amma ba ya buɗe gwangwanin fenti a ranar farko. Kifa bokiti yake yi a tsakiyar ɗaki ya zauna, yana lura da inda haske ke sauka da safe da inda yake komawa bayan la'asar. Sannan ya yi tambayarsa guda: "Wa ke kwana a nan?" Shekara arba'in yana yin ta, har ta zame masa suna. Magina in sun hango shi sai su ce, "Ga Wa-ke-kwana nan, ku ba shi bokiti ya huta tun bai gaji ba."

Ba ya tanka musu. Aikinsa ke tankawa. Wata malamar makaranta ta shaida mini cewa ajinta ja ne jawur har rufi, yara ba sa zama wuri ɗaya, sai ya mayar da shi kore mai sanyi irin na sabon ganye. "Ban ce sun zama waliyyai ba," in ji ta, "amma na daina komawa gida da dasasshiyar murya."

Ni ma shaida ne, sai dai tawa shaidar da nauyi take fita. Shekara tara da suka wuce mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki. Bango take dafawa in za ta tashi, hannunta da man zafi, har shatin tafinta ya ja layi daga gado zuwa ƙofa. Masu dubiya na ta zuwa, layin nan kuwa ya tsaya mini a rai. Na kira mai fentin na ce ya shafa fenti launin makuba mai duhu, mai ɓoye dauɗa.

Ya dubi tagar ɗaya tilo, ya dubi tsohuwa.

"Yallaɓai, wa ke kwana a nan?"

"Ai kana ganinta."

"Ina ganinta. Ku minti goma kuke yi ku fita. Ita kuwa bangon nan shi ne kasuwarta, shi ne unguwarta. Dauɗar kake son ɓoyewa, ko mai dauɗar?"

Gaskiya ɗaci gare ta. A gaban baƙi na kira shi malalaci, na ce fenti na kira shi ya yi ba wa'azi ba, na sa ƙafa na ture bokitinsa. Ya ɗauka ya kakkaɓe, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Inna," ya fita. Wani na samo, ya shafe ɗakin da makuba a wuni ɗaya.

Kafin wata biyu mahaifiyata ta rage magana, ta rage ci. Rannan ƙanwata na lallashinta da cokali, ta kau da kai ta ce, "Ki ce wa yayanki ya jira in cika tukuna, kafin ya rufe ni da ƙasa."

Ƙanwata ce ta je ta roƙo Wa-ke-kwana ya dawo. Ni na kasa. Ranar da zai zo na ƙirƙiri tafiya. Na dawo na tarar bango uku ruwan madara, mai fuskantar taga kuma ruwan ƙwai mai taushi, yana karɓar hasken safe yana raba wa ɗaki. Daidai inda hannunta ke bi ya ja ɗamara mai faɗin tafi biyu da fenti mai sheƙi, wanda tsumma ke gogewa. "Ta dafa son ranta," ya ce wa ƙanwata. Tsohuwa ta ƙara shekara huɗu a ɗakin nan, tana tsokanar jikoki, tana mitar an cika gishiri.

Malam mai fenti, kai ne ka ga mutum a inda ni ɗanta na ga tabo. Kai ne aka wulaƙanta, ka dawo ka yi aikin kamar na mahaifiyarka. Ni kuwa tun ranar, in na hango ka sai in sauya hanya, da furfurata da komai.

Yanzu na ji ka jingine tsani, ƙirji ya gaji da warin fenti. Mun gode, Malam. Allah ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka wa marasa lafiyarmu. Masu sana'a su koyi faɗin gaskiya ko za ta kore su daga gida, mu masu gida mu koyi jin ta daga bakin mai kaya duk fenti.

A gaban jama'a na ci mutuncinka, shi ya sa na rubuta wannan inda jama'a za su gani. Amma na san takarda maɓoyar matsoraci ce. Gobe in Allah ya yarda zan yi sallama a ƙofarka, in faɗa da bakina: ka yafe mini.