Naman Barewar Ɗan Fari

Da rana tsaka wan mijina ya dawo min da yaron, gira a fashe, jini ya bushe a kuncinsa har wuyan riga. Asabar ce ta watan Oktoba, muna zaune a unguwar Glenwood a Amurka lokacin, mijina kuma yana can kan hanya da babbar motar da yake ja. Yaya Alhaji ya shigo falo yana dariya har da dafe ciki.

Ga abin da ya faru. Yaya Alhaji mutum ne mai son a san kakansu maharbi ne a garinsu. Tun da ya sayi gida a unguwar Sedgefield ya sayi bindigar farauta, irin mai hannu a ƙasa, wadda ake ja a mayar harsashi ya shiga. Bai tsaya kan matsakaiciya ba, ya ɗauko mai cin harsashi mai lamba arba'in da biyar-saba'in, wanda ko ɓauna ya samu sai ta durƙusa, ya ɗora mata madubin hange. Ita ya miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha uku a gonar wani abokin cinikinsa. Sannan ya koya masa riƙo irin na adaka. Maharban gida ba sa manna gindin adaka a kafaɗa, gudun kada ta fashe musu a jiki, shi ma haka ya ga ana yi yana yaro. Ya ce wa yaron ya ɗan janye ta daga kafaɗa, ya kai ido kusa da madubi. Da ta tashi, sai ta yi shuri da baya, bakin madubin ya sare shi a gira.

"Ɗan Amurka ke nan, jikin burodi," in ji Yaya. "Ki ga yadda ya yar da ita ya zauna daɓas. Na ɗauka a waya, na tura wa 'yan gida su sha kallo."

Yaron ɗan farina ne. A inda na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban wan miji. Na rubuta sunansa a takardun makaranta ba adadi, amma a baki "kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Saboda haka na rusuna na ce, "Ai ba komai, Yaya. Sannu da ƙoƙari." Har ruwa na kawo masa.

Sai da motarsa ta bar layin na kai yaron asibiti aka yi masa ɗinki. A hanyar dawowa bai dube ni ba. Muna tsaye a danja ya ce, rabi Hausa rabi Turanci, "Mama, yana min dariya, kuma *you said thank you*."

Wannan maganar ta ci ni fiye da jinin. Yaron ya ɗauka ban damu ba ne, ni kuma ban san ta inda zan yi masa bayanin kunya ba. Kafin magariba bidiyon ya isa Kano, ƙannen mijina suna ta aiko da fuskokin dariya. Na kalle shi sau ɗaya, na rantse a raina sai Yaya ya haɗiye dariyar nan. Ba na cikin masu cewa sun bar wa Allah tun ba su gwada nasu ba.

Da mijina ya dawo na ce masa bindiga zan saya wa yaron. Ya dube ni ya ce, "Ke dai kada ki haɗa ni da Yaya." Na ce ni da Yaya sai girmamawa.

Ni da kaina na shiga shagon sayar da bindigogi, da hijabina, maza suna ta satar kallona. Na gaya wa mai shagon shekarun yaro da abin da ya same shi. Ya ɗauko min mai cin harsashi mai lamba talatin-talatin, ya ce ita ce ta kowa da kowa a dajin nan, amma ga yaron da ya riga ya tsorata tana da ɗan shuri. Ya ɗauko wata gajera mai cin ɗari uku da hamsin da bakwai. Ya ce ba ta kai nesa, amma in barewa tana kusa ta isa, kuma tana karɓar ƙananan harsasai na koyo waɗanda da ƙyar ake jin motsinsu a kafaɗa. Ya fara maganar madubi na ɗaga masa hannu. Na ce ba abin da zai ƙara matsowa kusa da idon yaron nan. Sai ya nuna min wani ɗan zobe mai huda da ake ɗaurawa a baya, a leƙa ta ciki a daidaita da ɗan tsinin da ke bakin bindiga. Shi na zaɓa, na sa aka rage mata gindi daidai hannun yaro.

Samun bindigar ya fi sauƙi a kan sa shi ya taɓa ta. Ranar farko a filin koyon harbi, yana kai yatsa kan kunama sai ya runtse ido ya noƙe kai, tun ba a ji ƙara ba. Duk noƙewar da ya yi sai na ƙara tsanar Yaya. Na karɓe ta, ni da ban taɓa riƙe abin da ya wuce wuƙar girki ba, na manna ta a kafaɗa sosai yadda mai koyarwa ya nuna, na harba. Ban sami ko gefen takardar ba. Yaron ya yi dariya, karo na farko tun ranar, ya ce in ba shi ya nuna min. Muka yi ta zuwa duk ranar da ba ni da aiki, har ya daina rufe ido.

Ƙarshen Nuwamba ubansa ya kai shi daji. Suka dawo da barewa a bayan mota. Mijina ya ce yaron ya yi bisimilla a hankali, ya harba sau ɗaya, da suka isa tana da sauran rai ya yanka ta. Na ce kada wanda ya gaya wa kowa. Na san Yaya ya yi ta fita da ƙatuwar bindigarsa tun da aka buɗe lokacin farauta, ko zomo bai kawo ba.

Ranar Lahadi na gayyaci mutanenmu cin abinci. Na yi farfesu da yaji mai kyau, na zuba wa Yaya tsokar cinya a kwano na musamman. Maza suna falo, mu muna kicin, ina jin komai. Yaya ya ci ya suɗe yatsu, ya fara bayani. Wai daga ɗanɗanon nama yake gane harbin gwani, dabbar ba ta wahala ba, ba ta yi gudu ba. Ya tambayi mijina wurin wane Bature ya samo. Mijina ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali.

Na fito da tulun shayi, na rusuna kamar kullum.

"Yaya, naman ya yi?"

"Ya yi, Hajiya. Wanda ya harbo wannan ya san hannunsa."

"Ɗana ne ya harbo ta," na ce. "Da 'yar ƙaramar bindiga, a manne da kafaɗa. Ko za a ɗauka a waya a tura wa 'yan gida?"

Wani dattijo ɗan Nijar ya yi tari ya kau da kai. Yaya yana riƙe da ƙashi, ya rasa ko ya ajiye ko ya kai baki, kuma wallahi na ji daɗin ganinsa haka, har yau ban yi nadama ba. Daga kicin na jiyo matarsa tana salati, don ta ji na ce "ɗana" a gaban wan miji.

Tunda na riga na fasa, sai na ƙarasa. Na juya wajen matakala na ɗaga murya na kira yaron da sunansa na yanka, ya zo Babansa Alhaji ya sa masa albarka. Bai sauko ba. Na sake kira. Sai ga shi ya leƙo daga sama, da tabon a girarsa, yana duban ubansa, yana duban baƙi, yana neman wanda ya kira shi. Bai taɓa jin sunan a bakina ba.

"Mama," ya ce, "ke ce?"