Murhun Banda a Bayan Ɗakin Inna

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka aka yi musu tarbiyya a garinsu na da, wanda ruwan madatsar Tiga ya cinye tun ina goye. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta kai masa kuka. In tana son wani abu daga gare ni, sai ta faɗa wa matata, ko ƙanwata, ko ma akuyar da ke ɗaure a tsakar gida, da ƙarfin da zan ji. Na tashi na san wannan sarai, kuma na ci amfaninsa ta hanyar da ba zan so a yi wa uwar kowa ba. Abin da ya sa na zauna nake rubutu ke nan, da ɗan karatun da Allah ya ba ni.

Sana'ata bandar kifi. Ina saye a hannun masunta a bakin ruwa, karfasa da tarwaɗa, in wanke, in jera a kan waya, in hura wuta a ƙasa. Mai banda ba harshen wuta yake so ba, hayaƙi yake so. Shi ya sa muke sa ɗanyen itace, mu zuba buntun shinkafa a kai, wuta ta yi ta cin ciki tana fitar da hayaƙi mai kauri tun hantsi har la'asar. Ranar kasuwar Tudun Wada in ɗaure kwanduna in kai.

Da farko murhun yana ƙofar gida, kusa da zaure. Maƙwabcina, wani dattijo mai zafin baki, ya tare ni wata rana ya ce, "Malam, rigar da nake zuwa Juma'a da ita ta koma ƙarnin tarwaɗa. Har kyanwar masallaci bina take yi." Mutane suka yi dariya, ni kuwa kunya ta kama ni. Na rushe murhun na mai da shi cikin gida. Nan ma ba a yi wata guda ba matata ta ce, "Maigida, dubi labulena. Wallahi ko ni ko kifin nan, ɗaya zai bar gidan."

Akwai wani lungu tsakanin ɗakin Inna da katanga. Na je na tsaya a wurin ina aunawa da ƙafa. A saman bangon akwai 'yar taga, faɗinta bai fi faifai ba. Ba zan ce ban gan ta ba. Na gan ta, na kuma san ta ina iska take kaɗawa da rani. Abin da ya zo mini a rai shi ne, a duk gidan nan da kewayensa, mutum ɗaya ce ba za ta buɗe baki ta ce in ɗauke ba. Na kwaɓa laka na gina.

Shekara huɗu murhun yana wurin.

Ba wai ba ta yi magana ba ne. Ta yi, irin tata. Wata rana ina juya kifi, kajinta suka shigo lungun, sai na ji ta daga ɗaki tana cewa, "Ku fita nan, ku da kuke da ƙafar fita." Wata rana kuma ta ce wa matata, "Kifin bana dai yana shan wuta." Na ji duka. Sai in ce wa kaina ai da abin ya dame ta da gaske, da ta aiko. Tari ya fara mata a shekara ta biyu, busasshe, daga baya ya zama mai kaki. Na sayo zuma da citta da man zafi. Duk wanda ya tambaya sai in ce sanyi ne, tsufa ne. Ta daina zuwa suna da biki in da nisa. Tsintsiya ma ta gagare ta, sai ta share rabin ƙofar ɗakinta ta dafa bango tana haki.

Sai shekarar da wutar daji ta ƙwace. Bayan girbi, in ciyawa ta bushe, 'yan farauta sukan cinna wa daji wuta su koro gafiya da zomo. Kowace shekara ana yi, ni ma na yi da ƙuruciya. Amma a wannan karon wutar ta kama dajin da ke wajen Doguwa ta yi kwanaki tana ci, iska kuma ta kwanta. Hayaƙin ya zo ya zauna mana a ka. Masunta ba sa hango ɗaya gaɓar. Baƙar toka tana sauka a hankali kan shanya, cikin randa, kan tuwo in an bar shi a buɗe. Yara suna ta murza ido. Tsofaffin unguwa kuwa, in ka wuce ta bayan gidajensu, tari kawai kake ji, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka.

Ni kuma na hura murhuna kamar kullum, domin kifi ba ya jira.

A rana ta uku da saukar hayaƙin ƙanwata ta zo daga Kiru, inda take aure. Ita ce auta, ita kaɗai ce take faɗa wa Inna magana yadda ta ga dama, ni ma ba ta raga mini. Ta sauka daga achaɓa, ta gaishe ni a tsaye, ta shige ɗakin Inna. Ba ta daɗe ba ta fito idonta yana ruwa.

"Yaya, yaushe rabonka da shiga ɗakin nan?"

Na ce, "Me ya faru?"

"Ni da ƙuruciyata na kasa zama. Kifi kake kyafawa ko Inna?"

"Ke, ki iya bakinki. Ta ce miki wani abu ne?"

"Za ta ce ne? Kai fa ka fi kowa sanin ba za ta ce ba."

Ta matsa sai da muka kai ta ƙaramin asibitin garinmu. Malamar asibitin ta sa abin awo a ƙirjin Inna da bayanta, ta daɗe tana saurare, fuskarta ba walwala. Ta juyo gare ni ta ce, "Ban da na dajin nan, akwai wani hayaƙi da take shaƙa a gida?"

Na ce, "A'a, sai dai na girki."

Ƙanwata ta buɗe baki za ta yi magana. Inna ta dafa mata gwiwa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Na dajin ne, 'yar nan."

Ƙarya na yi, ita kuma ta rufa mini asiri da ɗan numfashin da ya rage mata.

Malamar ta ba da magani, har da wanda ake fesawa a baki in numfashi ya sarƙe. Ta ce ƙirjin tsoho ba ya jure abin da na yaro yake jurewa. Ta ce kada ta fita waje sai dole, in za ta fita ta sa takunkumi, a rufe ƙofa da taga har hayaƙin ya wuce, kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro ko a shigar da garwashi ɗakin, ta riƙa shan ruwa. Sannan ta ce, "Abin da ya fi duka, in kuna da inda hayaƙin nan bai kai ba, ku kai ta can ta yi kwana biyu."

A hanya ƙanwata ta ce, "Wajenmu da sauƙi, Yaya. Ka ba ni ita."

Nan girman kai ya taso mini. Na ce ina raye, da gidana, da sana'ata, uwata ta je ta zauna a gidan suruki? Me za a ce a majalisa? Da muka isa gida na sake faɗin haka a tsakar gida da ƙarfi, don Inna ta ji. Na san ita ma tana jin nauyin cin tuwon suruki, da gangan na taɓo wurin. Daga cikin ɗaki muryarta ta fito a yanke.

"Auta, koma ɗakinki. Tari ne. Zai wuce."

Ƙanwata ta tafi tana kuka, bayan ta sa na yi alkawari ba zan hura murhun ba sai sama ta washe.

Kwana biyu na cika alkawarin. Na toshe tagar da kwali, na sa aka saki labule mai kauri a ƙofa, kamar yadda malamar ta ce. A rana ta uku wani masunci ya kawo mini tarwaɗa masu kyau da araha, ga kasuwa ta matso. Na ce a raina ai taga a rufe take yanzu, ina hayaƙi zai bi? Zan yi kaɗan ne, in kashe kafin azahar.

Abin da ban duba ba shi ne tsakanin bango da kwanon rufi. Akwai tazara a wurin da hannu zai shiga. Da can hayaƙin yakan shiga ya fita ta ƙofa. Yanzu na rufe masa duk mafita. Rabin maganar malamar na ɗauka, rabin da bai taɓa sana'ata ba, sai ya zama da hannuna na mai da ɗakin tukunya mai murfi.

Ana kiran azahar na ji ihun matata. Na shiga da gudu. Ɗakin ya yi duhu, ido ba ya buɗuwa. Inna tana kan tabarmar salla, ta tafi ruku'u ta kasa ɗagowa, ta kife a gefe. Bakinta a buɗe, ƙirjinta yana wani kuka siriri, leɓunanta sun yi baƙi. Abin fesawar yana ƙarƙashin matashi, hannunta bai kai ba. Na ɗauke ta. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe jikinta ba sai ranar. Ba ta fi nauyin kwando ɗaya ba.

Motar da aka samu ita ce a-kori-kurar da take kai mini kaya kasuwa. A bayanta muka shimfiɗa tabarma muka kai ta babban asibiti. Aka sa mata iska ta hanci, ta yi kwana tara. Da aka ɗauki hoton ƙirjinta likita ya kira ni, ga ƙanwata a tsaye, ya ce, "Baaba tana shan taba ne?"

Na ce, "Subhanallahi. Ko goro sai da salla."

Ya ce, "To wannan ba aikin mako ɗaya ba ne. Wutar dajin ta zo ta ƙarasa ne kawai. Huhun nan ya yi shekaru yana shan hayaƙi." Ya ce za a iya sauƙaƙa mata, amma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Wannan karon ban ce na girki ne ba. Na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, ya dai dube ni, ya ci gaba da rubutu. Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga asibiti Kiru aka wuce da ita. Ba wanda ya nemi izinina, ni ma ban hana ba. Na koma gida na sa gatari na rushe murhun, na mai da aikin can bakin ruwa inda ba gidan kowa. Tafiyar ba ta kai a ce wahala ba. Tun farko da na yi haka, da ba abin da zai rage ni.

Duk Juma'a nakan je gaishe ta. Ba ta iya kwanciya, a jingine take barci da matasai uku. Salla a zaune. In za ta yi magana sai ta rarraba ta gida-gida, tana hutawa a tsakani. Nakan durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Inna, ina wuni, ya jiki?" ta amsa tana kallon bango, in ajiye abin da na kawo in fito. Wata da watanni ina ɗauke da maganar neman gafara, in na zo sai in koma da ita.

Wata Juma'a, damina ta kusa, na ga jikin ya ƙara saki. Na ce wa ƙanwata ta zauna, domin na san ta bakinta za a amsa mini. Na ce, "Auta, ki roƙar mini Inna gafara. Ni na jawo mata wannan."

Inna ta juya wajen ƙanwata. Ta ce, "Ki ce masa... ban riƙe shi da komai ba. Duniya da lahira."

Na fara godiya, sai ta ɗaga hannu. Ta huta, ta ja numfashi.

"Amma ki tambaye shi. Duk shekarun nan... bai ji tarin ba ne?"

Ƙanwata ba ta maimaita ba, ba ta ma iya ɗago kai ba. Na so in ce ban san ya kai haka ba. Maganar ta zo har bakina.

Na ce, "Na ji, Inna. Kullum ina ji."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani. Ta ce wa ƙanwata ta gyara mata matashi, bayanta ya gaji. Na ɗan ƙara zama, sannan na yi sallama.

Bayan kwana goma sha ɗaya aka kira ni da hantsi ina bakin ruwa. Kafin in isa Kiru har an yi mata wanka.